Yadda ake rainon goji a tsakar gida a ƙasar zafi irin ta Garwa

Ƙanwata ce ta fara kawo mini shi daga Yawunde, a cikin 'yar leda da aka rubuta wa "baies de goji" da Faransanci. 'Ya'yan itace ne jajaye busassu, girmansu bai wuce na zabibi ba, zaƙi-zaƙi da ɗan bauri a ƙarshen harshe. Muka zuba wasu a shayi. Na fasa guda ɗaya da farce don in ga cikinsa, sai ga ƙananan iri ruwan ɗorawa, kamar na gauta sak. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da zai zo masa a rai. Na shuka su a bayan ɗakin girki, suka tsiro, suka yi kyau, sannan a watan Agusta suka mutu gaba ɗaya. Ba ƙishirwa ta kashe su ba, ruwan da ya kwanta a gindinsu ne. Daga ranar na gane cewa wannan shuka tana da abokan gaba biyu a wurinmu: zafin bazara da lakar damina. Duk matakan da ke ƙasa dabarun tsallakar da ita ne daga hannun waɗannan biyun.

Goji ɗan dangin tumatir ne, da barkono da gauta da yalo. Masana tsirrai suna kiransa Lycium barbarum, yana da ɗan uwa na kusa mai suna Lycium chinense, wanda ya fi shi faɗin ganye. Larabawa suna kiran danginsa na daji da sunan ausaj. Inda ya fi shahara shi ne yankin Ningxia a arewa maso yammacin ƙasar Sin, yankin Musulmi 'yan ƙabilar Hui, musamman gundumar Zhongning da ke bakin Rawayen Kogi. Wurin busasshe ne, ruwan samansa bai kai rabin na Njamena ba, da ruwan kogi ake shayar da gonakin. Ƙasarsu tana da kanwa-kanwa, rana tana dukanta sosai. Har nan dai ka ce gidanmu ake siffantawa. Bambancin shi ne sanyinsu yana daskarar da ruwa, itacen ya zubar da ganye ya yi barci na watanni, kuma zafinsu ba ya kai namu na Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa da Kusuri na arewacin Kamaru ke haura digiri 40.

Saboda haka wanda ke Ngaundere, inda tudun ya kai kusan mita 1,100, ko Mokolo a duwatsun Mandara, aikinsa ya fi sauƙi ta fuskar zafi. Mu na kwarin Binuwai da mutanen Cadi sai mun haɗa da dabara. Kuma kada kowa ya sa a ransa buhu zai girbe. Gindi uku ko huɗu a tsakar gida, ganyen miya mafi yawan shekara, da 'ya'yan da za su ishi shayin gida lokacin hunturu, shi ne abin da nake nufi da nasara.

Mataki na farko: wurin da za ka ajiye shi

Nemi inda hasken safe ke faɗawa tun fitowar rana har zuwa azahar, sannan inuwa ta rufe shi da yamma. Gabashin katanga ko gabashin ɗaki ya fi ko'ina. A ƙasarsa ana shuka shi a fili ne rana ta doke shi wuni guda, amma ranar la'asar ta Garwa a watan Afrilu ƙona ganyensa take yi. Awa shida na hasken safe sun ishe shi. Kada ka sa shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, zai yi tsawo siriri ya ƙi fure. Kada kuma ka sa shi inda indararo ke zubar da ruwa, ko inda ka noma tumatir da gauta bara, domin cututtukansu ɗaya ne.

Mataki na biyu: iri

Idan ka samu wanda yake da itacen, roƙi reshe, shi ya fi saurin haihuwa, zan dawo kan wannan a ƙarshe. Yawancinmu dai daga busassun 'ya'yan kanti za mu fara. Zaɓi masu laushi da jan launi, ba waɗanda suka yi baƙi suka ƙeƙashe ba. Jiƙa guda goma a ruwa mai ɗumi-ɗumi su kwana. Da safe ka murje su da yatsa a cikin rariya ko matacin koko, ka wanke naman ya fita tas. Wannan wankin kada a yi masa ganganci, domin zaƙin da ya rage a jikin iri shi ke jawo tururuwa da ruɓa. Ɗa ɗaya yakan ba da iri goma zuwa talatin, wani ma fiye. Baza su a kan takarda a inuwa na wuni ɗaya.

Wasu kamfanoni da zafin inji suke busar da 'ya'yan, irin ya mutu a ciki. Kafin ka wahalar da kanka, gwada: sa iri ashirin a tsumma mai danshi, naɗe, saka a leda, ajiye a ɗaki. Idan bayan mako biyu babu wanda ya fito da farar saiwa, canza leda, nemi ta wani kamfani.

Lokacin shuka shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa. Lokacin da masu lambu ke renon tumatir da albasa, lokacin nan ne. Irin goji ya fi son tsiro a ɗumi na digiri 20 zuwa 25, kuma ɗan tsiron yana buƙatar watanni huɗu na sanyin hunturu ya yi ƙwari kafin bazara ta iso. Ni da na shuka a watan Yuni saboda na saba komai da damina ake shuka shi, ka ji yadda ta kaya.

Mataki na uku: reno

Haɗa yashin kogi kashi ɗaya, ƙasa mai laushi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe kashi ɗaya. Cika ledojin reno masu tsawo, ko gorunan roba na lita ɗaya da rabi da aka yanke wuyansu aka huda gindinsu. Tsawon yana da amfani, domin goji saiwarsa ta tsakiya ƙasa take nufa tun yana ƙarami. Sa iri uku a kowace leda, zurfin rabin santimita kawai, ka yayyafa yashi a kai. Ruwa kuma da hannu za ka yayyafa ko da gwangwani mai ƙananan huji, kada ka kwarara, irin zai nutse.

Daga kwana 10 zuwa 14 za ka fara ganin tsiro, wasu sai sun kai wata guda. 'Yan tsiron sirara ne kamar zare, har mutum ya ɗauka ciyawa ce. A makonnin nan ƙasa ta zauna da danshi amma ba jagab ba. Idan ka ga tsiro ya tsuke daga gindi ya kife, ruwa ya yi yawa. Ɗora ledojin a kan benci ko bulo saboda kaji da ƙadangaru, ka kare su daga busasshiyar iskar hunturu da zana ta gefen arewa maso gabas. Idan suka yi ganye huɗu zuwa shida, bar mafi ƙarfi a kowace leda, ka yanke sauran da almakashi maimakon tugewa. Idan tsayinsa ya kai taƙi guda, tsinke kansa don ya yi kauri.

Rena fiye da abin da kake buƙata. Itacen da ya fito daga iri ba lalle ya yi halin uwarsa ba: wani zai yi 'ya'ya manya, wani ƙanana masu ɗaci, wani ƙaya kawai zai tara. Cikin goma sha biyu da na rena a karo na biyu, bakwai suka tsallake bazara, uku ne na ga sun cancanci a bar su.

Mataki na huɗu: tsallake bazara

Daga tsakiyar Fabrairu ka mayar da su cikin mazubi babba, bokitin fenti na lita 20 ko rabin jarka, a huda gindin sosai. Kada ka dasa su a ƙasa tukuna. Amfanin mazubi shi ne kana iya ja da shi inuwa. Yi musu rumfar zana mai ɗan shara-shara wadda haske ke ratsawa. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa, don haka a naɗe ta da tsohon buhun algarara a riƙa jiƙa shi, ko a binne mazubin rabi a ƙasa. Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba, dalilin da randa ke sanyaya ruwa shi ne dalilin da take sanyaya saiwa. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara.

A watan Afrilu yana iya zubar da ganyensa duka ya koma tsinke. Na tuna wata safiya mahaifiyata ta tsaya a kan nawa ta ce, "Kai, wannan ai ya riga mu gidan gaskiya, ba ni bokitin in sa toka." Na ce, "Inna, dakata mini." Na kankare ɓawon da farce, cikinsa kore shar. Barci yake yi don ya tsira da ransa. Idan ka ga haka, rage ruwa, kada ka ƙara. Itacen da ba shi da ganye ba ya shan ruwa da yawa, wanda ka zuba zai zauna ne ya ruɓar da saiwa. Da an yi ruwan farko iska ta yi sanyi, sai ka ga toho.

Mataki na biyar: dashe, da maganar ƙasa

A nan gizo ke saƙar. Goji yana jure fari idan ya kafu, yana jure ƙasa mai gishiri-gishiri wadda wasu shuke-shuke ke ƙi, amma kwana biyu ko uku da ruwa kwance a gindinsa sun isa su kashe shi. Garwa tana samun kusan milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Wannan ya ninka abin da ya saba da shi sau da yawa.

Gwada ƙasarka kafin komai. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, cika shi da ruwa da safe. Idan kafin azahar ya tsotse, ƙasar ta yi. Idan har magariba da sauran ruwa, kada ka dasa a ciki. Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta, mai tsagewa da rani ta riƙe ruwa da damina, ita ce mafi muni ga goji. Mai irin wannan ƙasa ya bar itacensa a rabin ganga har abada, ya ɗora gangar a kan bulo uku don ruwa ya riƙa fita ta ƙasa.

Wanda ƙasarsa jigawa ce mai yashi, ya haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi. Ya haɗa ƙasar da ya fitar kashi biyu, yashin kogi mai tsakuwa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki kashi ɗaya, da tokar murhu cikin tafi biyu. Ya mayar cikin ramin ya ci gaba da tarawa har ya zama tudu mai tsayin santimita 30, kamar kunyar rogo ko ta doya. A kan tudun ake dasawa, ba a cikin kwari ba. Ya ja 'yar hanyar ruwa daga gindin tudun zuwa waje. Tokar tana da dalili: goji ya fi son ƙasa mai ma'aunin pH daga kusan 7 zuwa 8, wato wadda ba ta da tsami. Jar ƙasar Ngaundere tana da tsami, can sai an fi ba toka muhimmanci, a riƙa ƙara kaɗan duk shekara.

Dasa da yamma, a farkon Yuni idan damina ta zauna. Kada ka fasa dunƙulen ƙasar da ke jikin saiwa, kada kuma ka binne shi fiye da zurfin da yake a mazubi. Tsakanin gindi da gindi a bar mita ɗaya da rabi. Kafa sanda mai ƙarfi mai tsayin mita biyu a gefensa tun ranar, ka ɗaure shi da tsumma sako-sako. Sannan shinge. Akuya ba ta jin tsoron ƙayarsa.

Ruwa da taki

A shekarar farko, lokacin rani, bokiti ɗaya sau biyu a mako ya isa ga wanda ke ƙasa. Na cikin mazubi kullum ko bayan kwana ɗaya, gwargwadon zafi. Tura yatsa cikin ƙasa: idan gaɓa biyu sun ji danshi, bari sai gobe. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Taki sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, kwano ɗaya na ruɓaɓɓe ga kowane gindi. Ka guji yuriya. Zai yi ganye kore shar ya cika ido, ƙwari su taru a kai, fure kuma babu.

Mataki na shida: aski da hutu

Idan aka bar goji da halinsa, sarƙaƙiya yake zama, rassa su zubo ƙasa su yi saiwa, 'ya'yan gindi su ɓullo ta ko'ina. Zaɓi kara ɗaya mafi ƙarfi ya zama uwa, ka bi da shi jikin sanda. Duk abin da ya fito daga ƙasa ko daga jikin karan ƙasa da santimita 40, cire shi. Idan uwar ta kai ƙirjinka, yanke kanta, ka bar rassa huɗu ko biyar su bazu su sunkuyo kamar lema. A jikin sabon reshe yake yin fure, don haka aski shi ke kawo 'ya'ya.

Tunda ba mu da sanyin da zai sa shi barci, ni nakan ba shi hutun da kaina. Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba, sai in hana shi ruwa mako biyu zuwa uku har ganye ya fara zuba. Sannan in yi masa aski, in rage kowane reshe zuwa rabi, in cire matattu da masu gogar juna, in zuba taki, in ba shi ruwa ya ƙoshi. Sabon tohon da zai fito shi zai yi fure a Disamba da Janairu, lokacin da dare ke da sanyi. Dalilin ba boyayye ba ne ga mai lambu: tumatir ma da zafi ya tsananta zubar da fure yake yi ba ya ɗaure 'ya'ya, ɗan uwansa haka yake. Furen ƙarami ne, shuɗi mai ja-ja irin na yalo, kuma gindi ɗaya yana iya haihuwa shi kaɗai, ko da yake ƙudan zuma na ƙara masa yawa.

Na iri yakan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku, ba ya cika ƙarfinsa sai ta huɗu ko ta biyar.

Ƙwari da cuta

Darɓa ce ta fi damun sabon toho, sai farin ƙuda, sai wasu jajayen ƙwari ƙanana ƙwarai da ke saƙa a bayan ganye lokacin ƙurar hunturu. Maganinsu yana ƙofar gida. Daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, jiƙa a lita biyar na ruwa su kwana, tace, narka ɗan sabulun wanki a ciki, ka fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Idan ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a kan ganye, iska ce ba ta ratsa itacen, rage rassa ka ƙone waɗanda suka kamu. Idan kuma itacen yana yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, tona gefen saiwa. Ƙulle-ƙulle a jikinta alamar tsutsar saiwa ce, irin mai kama tumatir da kuɓewa a ƙasa mai yashi. Wannan gindin a tuge shi, a sake farawa a mazubi da sabuwar ƙasa. Da 'ya'ya sun fara ja, tsuntsaye za su riga ka sani. Tsohon gidan sauro ya isa ya rufe gindi guda.

Girbi

Daga fure zuwa nuna wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Kada a ci ɗanye, sai ya yi ja jawur ya yi laushi. Ba sa nuna lokaci ɗaya, don haka bayan kwana uku-uku ake bi ana tsinka, da sassafe. Fatarsu ba ta da ƙwari, inda yatsa ya matsa nan zai yi baƙi wajen shanya, shi ya sa nake tsinko su da ɗan karansu. Baza su a faifai ba tare da wani ya hau wani ba, kwana biyu a inuwa mai iska, sannan a fitar da su rana a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Kada a juya su da hannu sai sun yanƙwane. Iskar hunturu tana gama aikin cikin mako guda ko kwana goma. Kwano huɗu ko biyar na ɗanye ne ke komawa kwano ɗaya. A zuba a kwalba mai murfi, domin suna jan danshi su manne da juna.

Ana cin su haka nan, ana jefa su a shayi, ana zuba su a kunun gyaɗa dab da saukewa. Ganyen ma abinci ne, a kudancin Sin miya ake yi da na Lycium chinense, da ƙwai ko hanta. Mu a gida muna tsinkar masu taushi mu haɗa da zogale, suna da ɗan ɗaci mai daɗi. Ko shekarar da zafi ya hana 'ya'ya, ba a rasa wannan.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. A intanet ana tallar goji kamar maganin kowace cuta. Abinci ne mai kyau, yana da sinadarin zeaxanthin wanda ake samu a cikin idon ɗan Adam, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti na suga ko hawan jini. Wanda ke shan maganin tsinka jini mai suna warfarin ya nisance shi, domin haɗuwarsu tana iya jawo zubar jini. Mai juna biyu da mai shan magani kullum su tambayi likita kafin su mayar da shi abin ci yau da gobe.

Idan shekara uku ta cika za ka san wane gindi ne ya fi jure Afrilu, wane ne 'ya'yansa suka fi girma da zaƙi. Shi za ka yaɗa, kuma ba ta iri ba. Ranar askin Nuwamba, ware rassan da suka yi ƙwari masu kaurin fensir, yanka su tsawon santimita 15 zuwa 20, cire ganyen ƙasa, soka kashi biyu cikin uku a yashi mai danshi a inuwa, ka tabbata ba ka juya kan ƙasa ba. Cikin wata guda zuwa mako shida masu rai za su yi saiwa su yi toho. Waɗannan halin uwarsu za su ɗauko ba ragi, kuma sukan yi fure tun shekarar farko ko ta biyu. 'Ya'yan gindin da kake cirewa ma, idan ka sare su da 'yar saiwarsu, dashe ne a shirye. Nawa guda shida suna jere yanzu a gorunan roba a gabashin ɗakin Inna, biyu na maƙwabcinmu ne da ya daɗe yana leƙowa ta katanga yana tambaya ko wani sabon barkono ne.